Ajiya Maganin Wata Rana

Yara, kowane ɗayanku ya san rumbu. Idan kaka ta yi, maigida yakan sa a jera dammunan hatsi a ciki, a rufe. Amma ku lura da kyau. Manomi mai hankali ba ya haɗa irin da zai shuka baɗi da hatsin ci. Yakan zaɓi zangarniya mai kyau, ya ɗaure ta dabam, ya rataye inda gara da ɓera ba su kaiwa. Wani ma yakan kai kaɗan gidan ɗan'uwansa a wani ƙauye. Me ya sa? Domin ya san gobara ba ta sallama. In rumbu ya ƙone, iri yana nan, gona ba za ta kwana ba shuka ba.

A zamanin nan an sami wata dukiya wadda ba a zuba ta a rumbu. Ita ce abin da mutane ke ajiyewa cikin kwamfuta, wadda wasu ke kira ordinatar, da kuma cikin wayar hannu. Akwai rubutu, da hotuna, da muryoyi, da lambobin mutane, da lissafin ciniki. Kowane guda ɗaya daga cikin waɗannan ana kiransa fayil. Ana tara fayiloli cikin dosiye, kamar yadda kuke tara kaye-kayenku cikin jaka. Wannan dukiya ita ma tana da gararta da gobararta. Yau ina so in gaya muku yadda nake tsaron tawa.

Abin da ke cikin kwamfutata

Ni malamin lakwal ne. Tun ina makarantar horon malamai na fara rubuta darussa a kwamfuta. Yanzu cikinta akwai darussan lissafi, da na Hausa, da na Faransanci, na shekaru da yawa. Akwai sunayen ƴan ajina da makin da kowa ya samu a jarrabawa. Akwai hotunan iyalina.

Akwai kuma wani abu da ya fi waɗannan duka a wurina. Kakata gwanar tatsuniya ce. Shekara biyu kafin ta rasu, nakan zauna kusa da ita da dare, in ɗauki muryarta da waya. Na ɗauki tatsuniyoyi 23, da waƙoƙin daka, da sunayen kakanninmu har zuwa na bakwai. Allah ya jiƙanta. Darasi in ya ɓace, ina iya zama in rubuta wani. Muryar kakata in ta ɓace, babu kasuwar da za a sayo ta. Ƴata ƙarama ba ta tarar da ita ba, amma ta san muryarta, ta san dariyarta. Ina so ƴaƴanta ma su ji.

Saboda haka na riƙe magana guda: abin da yake wuri ɗaya kaɗai, kullum yana bakin ɓata. Maganinsa shi ne a yi masa kwafi, a ajiye a wani wuri. Wannan shi nake kira ajiyar ko-ta-kwana.

Maƙiyan dukiyar

Bari mu ƙirga abubuwan da ke lalata ta.

Na farko tsufa. A cikin kwamfuta akwai wani abu da ake kira diski, nan ne komai ke kwance. Wani irin diski yana da faifai da ke juyawa sau 5400 ko 7200 cikin minti ɗaya, da ɗan hannu mai karanta shi. Duk abin da ke juyawa haka, wata rana zai gaji. Wani irin kuma ba ya juyawa, amma shi ma yana da kwanansa. Zafin watan Afrilu, da ƙurar hunturu, da kuran da ke ɗaukewa ya dawo da ƙarfi, duk suna rage wa na'ura kwana.

Na biyu ruwa da wuta. Kun tuna damanar 2024. Ambaliya ta rushe gidaje masu yawa a Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da sauran jihohi. Tsohon masallacin Birni na Damagaram ya faɗi a watan Satumba. Har buɗe lakwal sai da aka ɗaga zuwa ƙarshen Oktoba. Ɗakin da ya faɗa wa gado da akwati, ba zai tsallake waya da kwamfuta ba.

Na uku ɓarawo. Wani abokin aikina ya yi shekara biyu yana rubuta littafin kammala karatunsa. Mutum ne mai kula. Kullum yana kwafe aikinsa cikin ɗan abin nan mai kamar ɗan yatsa da muke kira kile, wanda maƙwabtanmu na Nijeriya ke kira filash. Amma kile ɗin yana zaune cikin aljihun jakar kwamfutar. Ran nan a tasha ya ajiye jakar yana alwala. Kafin ya wanke ƙafa, ba jaka. Da ya zo wurina na ce: «Malam, ai da sauƙi, kana da kile.» Ya daɗe bai ce komai ba. Sa'an nan ya ce: «Malam, tare suka tafi.» Sai da ya ƙara shekara guda kafin ya sami takardarsa. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Na huɗu cuta. Ba cutar jiki ba, wata muguwar manhaja ce da mugaye ke ƙirƙira. Manhaja ita ce umurnin da aka rubuta wa kwamfuta domin ta yi wani aiki. Akwai wadda ake yawan kwasowa a shagon fotokopi ko gidan intanet. Kana sa kile ɗinka, sai ta ɓoye fayilolinka, ta bar maka inuwarsu. Akwai kuma wadda ta fi ta mugunta. Ita tana kulle duk abin da ke cikin kwamfuta, ta ce sai an biya kuɗin fansa. A watan Mayu na 2017 wata mai suna WannaCry ta kama kwamfutoci fiye da 200 000 a ƙasashe wajen 150. A Ingila har asibitoci suka riƙa mayar da marasa lafiya gida.

Na biyar hannun mai abu. Yatsa yakan zame ya share abin da ba a yi niyya ba. Ƙane yakan ɗauki waya ya danna nan, ya danna can. Wannan maƙiyi a cikin gida yake kwana.

A fara da tankaɗe

Kafin a yi zancen manhaja, sai a san abin da za a ajiye. Ni nakan kasa kayana kashi uku.

Kashi na ɗaya shi ne abin da ba shi da madadi: muryar kakata, hotunan iyali, da hoton takardun haihuwa da na shaidar karatu.

Kashi na biyu shi ne abin da ake iya sakewa, amma da wahala: darussa, da makin jarrabawa, da wasiƙu.

Kashi na uku shi ne abin da ake iya samowa wurin wani: fina-finai, da waƙoƙi, da wasanni.

Za ku yi mamaki in kun auna. Ana auna fayil da mega da jiga. Jiga ɗaya wajen mega 1000 ne. Hoton waya guda yakan kai mega 3. Fim ɗaya yakan cinye jiga guda. Amma darussan shekara duka, in rubutu ne zalla, ba su kai nauyin fim ɗaya ba. Watau abin da ya fi daraja, sau da yawa shi ya fi ƙanƙanta. Mutane da yawa suna cika kile da fina-finai, su ce babu wurin sa takardunsu. Wannan kamar mutum ne ya cika rumbu da ƙaiƙayi, ya bar tsaba a waje.

Uku, biyu, ɗaya

Akwai wata ƙa'ida da masu aikin kwamfuta a duniya ke bi. Wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, shi ya yaɗa ta cikin littafin da ya rubuta kan adana hotuna. Ana kiranta 3-2-1. Ba ta da wuyar haddacewa.

Uku: kowane abu mai daraja ya kasance guda uku, watau na ainihi da kwafi biyu.

Biyu: a zuba su cikin mazubi iri biyu dabam. Kada duka su zauna cikin kwamfuta ɗaya. In ka kwafe fayil daga wannan dosiye zuwa wancan a diski guda, ba ka yi komai ba. Ran da diskin ya mutu, tare za su mutu.

Ɗaya: kwafi guda ya kwana nesa da gida. Abokin aikina ya yi kwafi, amma wannan ta ƙarshe ce ta kuɓuce masa.

Ni na ƙara wata a kansu. In ka gama kwafi, cire kile ko diskin daga jikin kwamfuta. Cutar nan mai neman fansa tana kulle duk abin da ta tarar a haɗe. Kuran mai ƙarfi ma yana ƙone duk abin da ke haɗe. Abin da ke cikin akwati, ba ruwansa da su.

Mazubi iri uku

To, cikin me za a zuba? Akwai mazubi uku da muke iya samu a nan.

Kile da katin memwar na waya. Suna da araha, suna shiga aljihu. Amma ƙanƙantarsu ita ce aibinsu: saurin ɓacewa gare su, kuma sukan mutu ba gargaɗi. In aka bar su shekaru cikin zafi ba a taɓa ba, abin da ke ciki yana iya lalacewa. Akwai kuma na jabu a kasuwa. Za a rubuta jiga 128 a jikinsa, alhali cikinsa bai fi 8 ba. Kana zubawa yana karɓa, amma sabo yana danne tsoho. Araha ba ta ado. In ka sayi sabo, cika shi da fina-finai tukuna, sa'an nan ka buɗe na farko da na ƙarshe ka gani. Akwai ma wata manhaja ta kyauta, H2testw, wadda aikinta ke nan.

Diski na waje. Shi girmansa kamar tafin hannu, ana haɗa shi da kwamfuta da ƴar igiya. Yana ɗaukar jiga 1000 ko fiye. Ya fi kile tsada, ya kuma fi shi ɗauka. Irin mai faifai ba ya son faɗuwa, ba a kuma motsa shi yana cikin aiki. Ni cikin tsumma mai tsabta nake naɗe nawa, in sa a gwangwani mai murfi, saboda ƙura.

Ajiyar intanet. Wasu manyan kamfanoni suna ba mutum wuri cikin kwamfutocinsu, ya aika da kayansa ta intanet. Google Drive yana ba da jiga 15 kyauta, OneDrive 5, iCloud 5, Dropbox 2. In ana son ƙari sai a biya. Amfaninta a fili yake: ko garinku duka ruwa ya ci, kayanka suna can. Amma tana son rezo mai kyau, tana kuma cin kuɗin intanet.

Turawa suna kiran wannan ajiya gajimare. Kada sunan ya ruɗe ku. Ba a sama take ba. Manyan gine-gine ne a ƙasa, cike da kwamfutoci, kuma gini yana ƙonewa. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin irin waɗannan gine-gine na kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa. Waɗanda ba su da kwafi a wani wuri, wasunsu sun rasa kayansu har abada. Ban da haka, mai gida shi ke kafa doka a gidansa. Tun Disamba 2023 Google ya ce yana iya rufe asusun da aka yi shekara 2 ba a leƙa ba. Kayan aro ba ya rufe katara. Ajiyar intanet ɗaya ce cikin uku, ba ita ce ukun ba.

Madubi da hoto

Yanzu mun iso ga manhaja. Amma akwai wani bambanci da nake so ku gane tukuna.

Ku ɗauki madubi da hoto. Madubi yana nuna ka yadda kake yanzu. In ka aske kai, na cikin madubi ma ya aske. Hoto kuwa yana riƙe ka yadda kake ran da aka ɗauka. Ko ka aske, gashinka yana nan a hoto.

Wasu manhajoji aikin madubi suke yi. Duk abin da ka yi a kwamfuta, nan da nan su yi shi a ajiya. In ka gyara, su gyara. In ka share, su share. In cuta ta ɓata fayil, su kai ɓataccen su danne mai kyau. Yawancin ajiyar intanet haka take aiki. Gaskiya ne akwai kwandon shara inda abin da aka share ke jira, amma a Google Drive kwana 30 kawai yake yi. In ba ka lura ba sai bayan wata biyu, shi ke nan.

Wasu manhajoji kuma aikin hoto suke yi. Suna riƙe fayil yadda yake jiya, da makon jiya, da watan jiya. Ran farko suna kwafe komai, wannan yana daɗewa. Bayan nan, abin da ya sake kaɗai suke ɗauka. Kamar ɗalibin da ya yi fashin kwana ɗaya ne: ba ya sake kwafe kaye duka, darasin da ya wuce shi kaɗai yake kwafewa. Irin wannan ita ce ajiyar ko-ta-kwana ta gaske.

Wata yarinya a ajina ta tambaye ni: «Mushe, wace manhaja ce ta fi kyau?» Na ce da ita, ni tambayoyi biyar nake yi wa kowace manhaja kafin in yarda da ita:

Tana riƙe na jiya da na shekaranjiya, ko madubi ce kawai?

Tana aiki da kanta, ko sai na tuna?

Tana aiki in babu intanet?

In kwamfutata ta mutu, ina iya buɗe kayana a wata kwamfuta ba wahala?

Ina iya biyan kuɗinta bana da baɗi, ko kyauta ce?

Abin daɗi shi ne, sau da yawa ba sai an saya ba. Tana nan cikin kwamfuta, mutane ne ba su sani ba. Kwamfuta mai Windows tana da File History tun 2012. In da Faransanci kwamfutar ke magana, sunanta Historique des fichiers. Mac na kamfanin Apple yana da Time Machine tun 2007. Su biyun, in diski yana haɗe, kowace awa suna ɗaukar abin da ya sake. Masu Linux irin Ubuntu suna da Déjà Dup. Akwai kuma FreeFileSync, ta kyauta, wadda ke gwama dosiye biyu ta nuna maka bambancinsu kafin ta kwafe. Ita tana iya zama madubi, tana iya riƙe tsofaffi, ya danganta da yadda ka saita ta. Sai a karanta da kyau kafin a danna.

Wanda duk wannan ya yi masa yawa, ya yi da hannu. Ya buɗe sabon dosiye a kile, ya sa masa sunan ranar, kamar 2025-03-14, ya kwafe kayansa ciki. Mako mai zuwa ya buɗe wani, kada ya taɓa na farko. Wannan ma hoto ne. Manhaja mai sauƙi da ake amfani da ita kowane mako ta fi mai tsada da aka manta da ita.

Amana

Akwai wani abu kuma. Sunayenku da makinku da ke hannuna amana ne. In kile ya faɗi a hanya, bai kamata wanda ya tsinta ya karanta ba. Don haka irin waɗannan nakan kulle su da kalmar sirri, da wata manhaja ta kyauta mai suna 7-Zip. Amma kulle yana da nasa haɗari. In ka manta kalmar, kai ma ka zama baƙo, babu maƙerin da zai fasa maka. Ni na rubuta tawa a takarda, na sa cikin akwatin da takardun gida suke. Mai ɗakina ta san wurin. Rai ba a bakin komai yake ba, kada wata rana iyali su tsaya gaban ajiya babu mabuɗi.

Sai an gwada akan san na ƙwarai

Mutum yana iya yin shekara yana kwafi, alhali ba abin da ke shiga. Ba a sani sai ranar da ake buƙata. Wannan ya taɓa faruwa har ga gwanayen kwamfuta. A Amurka akwai wani kamfani mai yin fina-finan zane na yara, sunansa Pixar. A 1998 suna cikin aikin wani fim, Toy Story 2, sai wani ya ba kwamfuta umurnin sharewa bisa kuskure. Kafin a tsayar da ita, mafi yawan aikin ya tafi. Suka ce ba komai, akwai ajiya. Da suka buɗe, sai suka tarar ajiyar ta daɗe ba ta aiki daidai, ba wanda ya duba. Abin da ya cece su shi ne wata ma'aikaciyarsu, Galyn Susman. Ta haihu, tana aiki daga gida, saboda haka akwai kwafin fim ɗin a kwamfutarta ta gida. Aka naɗe kwamfutar nan cikin bargo, aka kawo ta a mota sannu sannu, kamar ana ɗauke da ƙwai.

Ku dubi darasi biyu a nan. Ajiyar da ba a gwada ba, ba a san ko ajiya ce ba. Kuma kwafin da ke nesa shi ya yi rana.

Don haka ƙarshen kowane zangon karatu nakan ɗauki diskina in je wurin wani abokina. In haɗa shi da tasa kwamfutar, in buɗe fayil biyar ko shida. In saurari tatsuniya guda har ƙarshe. In buɗe darasin Hausa in duba ko haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, sun fito daidai. A wata kwamfutar sukan koma ƴan akwatuna, in ba ta da irin rubutun da aka yi amfani da shi. Saboda haka darasi mai muhimmanci nakan ajiye shi kuma a siffar PDF, wadda ke riƙe shafi yadda yake.

Yadda nake yi

Ga tsarina, ba shi da yawa.

Kowace Juma'a, in an tashi daga lakwal, nakan haɗa diski da kwamfuta, in bar manhaja ta yi aikinta ina gyaran kaye-kayenku. In ta gama, in cire, in mayar cikin gwangwani.

Ina da kile biyu domin kashi na ɗaya da na biyu. Ɗaya yana wurina, ɗaya yana gidan yayata a birni. Ƙarshen wata, in na je ɗaukar albashi, nakan kai mata sabo in karɓo tsoho. Ita ba ta san kwamfuta ba, amma ta san ajiya. Cikin kwallarta take sa shi, ƙarƙashin zannuwa. Kullum in na zo takan ce: «Ƙanena, ga ɗan makullinka nan, ba wanda ya taɓa.»

A ran nan kuma, tun da birni rezo ya fi ƙarfi, nakan aika da sababbin hotuna da takardu zuwa ajiyar intanet. Fina-finai ba na aikawa.

Makin jarrabawa kuwa, ban da wannan duka, yana cikin rajista da alƙalami. Takarda ba ta buƙatar kuran.

Duka aikin nan bai fi minti 20 a mako ba.

Ku fa?

Na san da yawanku babu kwamfuta a gidanku. Amma da wuya a sami gidan da babu waya. Wayar baba tana ɗauke da lambobin abokan cinikinsa. Wayar inna tana ɗauke da hoton yayanku da ya tafi ci-rani, da saƙonnin muryarsa. A gidaje da yawa ku ne masu karatu. To, wannan aiki naku ne.

Ku nemi izini tukuna, domin waya sirrin mai ita ce. Ku ce: «Baba, in wayar nan ta faɗa rijiya yau, me za ka fi jin zafin rasawa?» Abin da ya faɗa, da shi za ku fara. Ku rubuta lambobi masu muhimmanci cikin kaye. Ku ɗauki hoton takardun haihuwar ƴan gida duka, ku aika wa wani babba amintacce cikin dangi a wani gari. Ku kwafe hotuna daga waya zuwa katin memwar na biyu, a ɓoye shi cikin akwati. In ana amfani da WhatsApp, akwai wurin ajiyar hira cikin saitinsa, ku roƙi wani babba ya duba ko a buɗe yake. A rubuta sunan asusu da kalmar sirri a takarda, baba ya adana, gama in waya ta ɓace, da su za a karɓo kaya a sabuwa.

In kuwa kuna da kaka ko kakan da ke raye, ku zauna kusa da su, ku ɗauki muryarsu. Sa'an nan ku yi mata kwafi uku.

A duniya an keɓe ranar 31 ga Maris domin tuna wa mutane wannan aiki. Amma ku kada ku jira Maris. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tambayoyi

1. Faɗi abubuwa biyar da ke lalata abin da ke cikin kwamfuta ko waya.
2. Me ake nufi da 3-2-1?
3. Me ya sa kile ɗin malamin nan bai amfane shi ba?
4. Mene ne bambancin manhaja mai aikin madubi da mai aikin hoto?
5. Hoto ɗaya mega 3 ne. Hotuna nawa za su shiga cikin jiga 15?

Aiki

Ka tambayi wani babba a gidanku abubuwa uku da ba ya son rasawa cikin wayarsa. Ka rubuta su cikin kayenka. Gaban kowane ɗaya, ka rubuta wuri biyu da za a ajiye kwafinsa.